Zagaye Goma Sha Ɗaya Kafin Faɗuwar Rana

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar ranar baikona, kakata ta zame a kan dutsen wanki ta karya hannun dama. Ni na ɗauke ta. Ba ta yi kuka ba. A cikin keke mai ƙafa uku da ya kai mu asibiti, tambaya ɗaya ta yi mini:

"Ketaki, wane hannu ne?"

Tana kallonsa take tambayar.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Ketaki, shekarata ashirin da tara. Shekara bakwai na yi a Jamus ina karatun aikin ruwa. Wata biyu ke nan da na dawo garin Wai, tsohon gidanmu na bakin kogin Krishna, inda muke mu uku: ni, da mahaifiyata da nake ce wa Ayi, da Aji, uwar mahaifina. Baba ya rasu ina can. Wanda zan aura sunansa Shantanu, likitan dabbobi ne a Satara. Ba wanda ya zaɓa mini shi. A jirgin ƙasa muka haɗu wani zuwa hutu da na yi, ya yi awa biyu yana ba ni labarin wata saniya mai ciwon kofato, na sauka na tarar na ba shi lambata. Ina son sa. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Likita ya naɗe hannun Aji da farin siminti daga gwiwar hannu har gaɓar yatsu, babban yatsan ma ya shige ciki. Ya ce sati shida.

"Ɗana, buɗe mini babban yatsan kawai," in ji Aji.

"A gindinsa ƙashin ya tsage, Aji. In ya motsa, ba zai haɗe ba."

"To na ji," ta ce. Wanda ya san Aji ya san ba ta ji ba.

Mun dawo gida wajen sha ɗaya. Baƙi ƙarfe biyar za su iso. Ayi ta riga ta wanke tsakar gida, ta zana furanni da farin gari a bakin ƙofa, ta fito da kofunan azurfa shida da ba a taɓa su sai irin wannan rana. Ƙamshin man shanu da wake mai zaƙi ya cika gidan. Na kwantar da Aji a ɗakinta na jingina mata matashi.

"Miƙo mini jakata."

Jakar carbinta take nufi. Ja ce, ta koɗe, tana rataye a ƙusa kusa da hoton Shiva, abin bautarta. A ciki akwai carbin ƴaƴan itacen rudraksha mai ƙwaya ɗari da takwas, ya yi baƙi da santsi saboda shekara arba'in a hannu ɗaya. Ban taɓa ganin yadda take jansa ba, domin a cikin jakar ake ja, yatsa manuni ne kawai ke leƙowa ta wata ƴar kafa. Ta yi ƙoƙarin tura hannun. Simintin ya ƙi shiga.

"Ki huta yau mana."

"Yau kwana talatin da biyu."

"Na me?"

"Na arba'in. Zagaye goma sha ɗaya kullum, kafin rana ta faɗi. In na tsallake rana ɗaya, bakancen ya karye."

Na san tana rufe ƙofa kullum da safe. Ban san bakance ba ne. Na ce ta ja da hagu. Ta kalle ni kamar na ce ta ci abinci a banɗaki.

"Shekara bakwai kina karatu, abin da kika samo ke nan?"

"To ni in ja, ke ki karanta."

"Bakin da hannun na mutum ɗaya ne."

"Akwai abin ƙirga a waya, Aji. Ki riƙa dannawa."

"Wayar ce ta yi bakancen?"

Na ce a kira malamin haikali a biya shi ya ƙarasa, ai ana yi. Ta ce ana yi da kalmomin da kowa ya sani. Tata kalmar, mantra ɗin da gurunta, wato malaminta na ibada, ya raɗa mata a kunne tana amarya, ba a ba ɗan haya. Gurun ya mutu shekara ashirin da suka wuce. Kafin ya mutu ya yarje mata ta ba mutum ɗaya, sau ɗaya, kuma sai jininta.

Ta faɗi haka tana kallon silin. Ba ta kalle ni ba.

Ayi na tsaye a bakin ƙofa da ludayi. Ban san tun yaushe ba.

"Ketaki, zo ki duba mini wuta."

Babu abin dubawa a wutar. Ta tura ƙofar kicin da ƙafa.

"Kada ki kuskura."

"Ba ta roƙe ni ba."

"Ba za ta roƙa ba. Shekara talatin da biyu nake zaune da matar nan, ba ta taɓa roƙon komai ba, kuma ba ta taɓa rasa abin da take so ba."

Bari in gaya muku abin da Ayi ke tsoro. Gidan su Shantanu Vitthal suke bauta wa, ba Shiva ba, carbin itacen tulsi suke sawa, kuma suna da gurunsu tun kakanni. Duk amaryar da ta shigo gidan, shi yake raɗa mata kalma ranar aure. Sharaɗin shi ne ta zo da kunne fanko, wanda ba a taɓa raɗa wa komai ba. Ranar da mahaifiyarsa, Sulabha-kaku, ta fara zuwa ganina, ta yafe mini Jamus. Ta yafe mini shekaru, da guntun gashi, da ƙwan da na amsa ina ci, alhali su ba sa ci. Da za ta tashi ta riƙe haɓata.

"An taɓa yi miki magana a kunne?"

"A'a, Kaku."

"To shi ke nan. Sauran duk wanki ne."

Ayi ta tuna mini wannan kalma bayan kalma, tana murza curin fulawa kamar shi ya yi mata laifi.

"Gida biyu suka janye saboda kin zauna ke kaɗai a ƙasar mutane. Biyu. Wannan na ukun sun zo da ƙafarsu, yaron kuma kina son sa. Kwana tara na tsohuwa za ki saka a kan rayuwarki?"

"A kira Atya."

Atya ƙanwar Baba ce, tana aure a Nagpur. Na kira ta. Ta ce ko yanzu ta hau jirgi sai gobe da hantsi. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta tambaye ni kalar sarin da zan sa.

Na hau bene na rubuta wa Shantanu komai. Ya amsa cikin minti biyu.

"Sannu da Aji. Wane ƙashi?"

"Gindin babban yatsa. Ka karanta sauran?"

"Na karanta."

Ɗigo uku suka yi ta rawa a fuskar wayar, su ɓace, su dawo.

"Ke kin yarda da abin?"

"A'a."

"To ki karɓa, ki ja mata kwana tara a ɓoye, ki manta. Wa zai buɗe kunnenki ya duba?"

"Gurunku zai tambaye ni ranar aure. A gaban wutar ɗaurin aure."

"Ki ce a'a. Ba ki yarda da wutar ba ma."

"Kai ka yarda?"

Wannan karon ɗigon sun daɗe.

"Ni na yarda da uwata. Na san abin da za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba. Ketu, don Allah. Yau kaɗai. A gama yau tukuna."

Sai ya turo hoton kansa a sabuwar riga ruwan madara, wuyan ya matse shi. A ƙasa ya rubuta: "Tela ya auna ni da na bara." Na yi dariya ni kaɗai, na kife wayar.

Ƙarfe ɗaya na kai wa Aji shinkafa da miyar wake. Ta ce ba ta cin komai kafin ta ja. Ga magani uku a kan tebur, duk sai an ci abinci.

"Bakancen na me ne, Aji?"

"Ba naki ba ne."

"Yau ya zama nawa. Kowa a gidan nan ni yake kallo."

Sai ta ce:

"Sanyin bara. Da aka bugo waya aka ce kina asibiti, injin ne ke yi miki numfashi. Uwarki ba ta da takardar tafiya, ni ko Mumbai ban sani ba. Kwana tara ba ki buɗe ido ba. Na ce wa Shiva, ɗana ka ɗauka ban ce komai ba. Wannan in ka dawo mini da ita ta shigo ta ƙofar nan da ƙafarta, kwana arba'in naka ne."

"Magani ne ya warkar da ni. Akwai sunansa, zan iya nuna miki."

"Madalla da magani."

"To in bakancen ya karye fa?"

"Wanda bai cika nasa ba, ba shi da bakin cewa a bar masa abin da aka ba shi."

Ta faɗe shi yadda ake faɗin farashin albasa. Sannan ta ce in fita da abincin, ƙamshin na damun ta.

Ku fahimce ni. Ba na tsoron Shiva zai zo ya karɓe ni ranar Laraba. Na yi shekara bakwai ina auna ruwa, na san abin da ke kashe mutum. Amma na san Aji. Duk tarin da na yi daga yau, duk zazzaɓi, duk motar da ta makara da ni a ciki, za ta zauna ta ce ita ce. Shekararta saba'in da takwas. Haka za ta ƙarasa.

Duk da haka na je na yi wanka. Ba zan yi muku ƙarya in ce na tsaya ina kokawa da zuciyata ba. Na zaɓi Shantanu. Ayi ta naɗa mini sarin alharini ruwan goro mai bakin zinariya, ta soke shi da allura huɗu, ta ɗaure mini furen yasmin a guntun gashin da ƙyar. Ta sa mini sarƙar aurenta.

"Kin yi kyau. Ki zauna a nan, kada ki sauka sai na kira ki."

Ƙarfe huɗu da kwata Shantanu ya rubuto: "Mun taso. Mu bakwai. Uwata ta riƙe carbin da za ta ba ki kamar jariri."

Ƙarfe huɗu da rabi na ji wani sauti daga ƙasa. Ƙaras, ƙaras, kamar ɓera a cikin buhu. Ɗakin Aji yana ƙarƙashin nawa. Na sauka ta matakalar baya.

Tana zaune a bakin gado. Ta matse hannun simintin tsakanin gwiwoyinta. A hannun hagu tana riƙe da almakashin yankan goro na tagulla, tana gutsurar simintin daga gefen babban yatsa. Farin gari ya zuba a cinyarta. Ta riga ta ci kusan faɗin yatsa biyu, kuma ta haɗa da fata, jini na bin audugar. Gumi ya jiƙe mata goshi.

"Rufe ƙofa," ta ce. "Saura kaɗan."

Na karɓe almakashin. Ba ta da ƙarfin hana ni. Yatsan ya kumbura ya yi shuɗi. Ta gwada motsa shi a gabana, ya ƙi, fuskarta ta yi fari kamar simintin.

"Ko kin buɗe ba zai ja ba."

"Sai na gwada."

"Sau dubu da ɗari da tamanin da takwas, Aji."

"Kin iya lissafi. Ba a yi asarar kuɗin makaranta ba."

Na ɗaure wurin da tsumma mai tsabta. Na dubi agogo. Rana na faɗuwa shida da minti ashirin.

"Zagaye ɗaya minti nawa ne?"

"Takwas, in ba a yi gaggawa ba. Ba a gaggawa."

"To ba ni."

Sai a lokacin ta kalle ni.

"Kin san abin da kike saya da abin da kike sayarwa?"

"Na sani."

"Ba na so gobe ki ce tsohuwa ta yaudare ki. In na faɗa miki, ya shiga. Ba a cirewa. Kuma in matar nan ta tambaye ki, ba za ki yi ƙarya da kalmata a bakinki ba."

"Lokaci na tafiya."

Ta sa na wanke ƙafa da baki a butar tagulla. Na cire agogo. Na zauna a kan shimfiɗar ulunta, fuskata gabas, bayana ga taga, sarin alharinin na ƙara duk motsin da na yi. Ta koya mini cikin minti biyu abin da aka koya mata a shekara. Carbin a kan yatsan tsakiya yake kwanciya, babban yatsa ke jawo ƙwaya zuwa gare ki. Manuni ba ya taɓawa, shi ne yatsan zargi da nuna kai, waje yake zama. In kin iso babbar ƙwaya mai tuntu, ba a tsallake ta, juya carbin za ki yi ki koma ta inda kika fito. Ta zuba ƙwayar shinkafa goma sha ɗaya a gefen dama, duk zagaye in tura ɗaya hagu.

"Daga ƙwayar farko har ta ƙarshe ba magana, ba tashi. Ko gidan ya kama da wuta. In kika amsa wa wani, an koma farko, kuma rana ba za ta jira ki ba."

Ta ja mayafinta ta rufe kanmu mu biyu. A ciki akwai warin man zafi da toka. Ta sa baki a kunnena na dama ta faɗa sau uku.

Kada ku tambaye ni. Gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Na tura hannu cikin jakar. Biyar saura kwata.

Zagayen farko yatsana ya yi ta tuntuɓe. Ƙwayoyin suna da kaushi a tsagi, santsi a baya. Na biyu ya fi sauƙi. Ban ga haske ba, ban ji wani sanyi a zuciya ba, in kuna jiran wannan. Na ji ƙafata ta fara mutuwa, na ji allurar sari na sukar kafaɗata.

A zagaye na uku Ayi ta buɗe ƙofa.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya, ta dubi hannuna a jaka, ta dubi garin siminti a ƙasa, ta dubi surukarta.

"Kin ci, Sasubai," ta ce a hankali. "Kullum ke kike ci."

"Dubi hannuna, Vasudha, ki gaya mini abin da na ci."

Ayi ta durƙusa a gabana. "Ketu. Tashi. Ba wanda ya gani. Zan ce kina shiri. Ki tashi yanzu, mu manta."

Na tura ƙwayar shinkafa ta uku. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta miƙe ta fita, ta ja ƙofar har ta rufu.

Biyar da minti goma mota ta tsaya a waje. Na ji gaisuwa, na ji takalma na zubewa a zaure, na ji muryar Shantanu yana tambayar jikin Aji. Wayata na sama, na san tana ta haske a kan gado. Kofunan azurfa suka fara ƙara. Ayi na dariya da ƙarfi, dariyar da ba tata ba. Sau biyu na ji ta ce, "Yanzu za ta sauko, kun san ƴan matan yanzu da madubi."

Zagaye na biyar. Na shida. Hasken da ke kan bango ya koma ruwan lemo.

Ina tsakiyar na bakwai na ji Sulabha-kaku ta ce, "Bari in duba mai jiki kafin amarya ta gama."

"Tana barci, Tai," in ji Ayi, tana kiran ta yaya.

"Ba zan tashe ta ba. Leƙawa kawai."

Ƙofa ta buɗe. Ban ɗaga kai ba, ƙafafunta nake gani, da zoben azurfa a yatsunsu, da bakin koren sari. A bayanta wasu ƙafafun, manya, cikin safa. Na san su.

"Ketaki?"

Sittin da ɗaya. Sittin da biyu.

"Ketaki, ɗiyata, da ke nake."

Matar da ta yi shekara talatin tana jan carbi ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta ga manunina a waje. Ta ga leɓena na motsi. Ta ga shinkafa shida a hagu, biyar a dama. Ina jin ƙwayoyin na gogar juna a cikin jaka.

Aji ce ta yi magana. "Ni na ba ta, Sulabha. Yau, da bakina. Hannuna ya karye a tsakiyar bakance."

"Na ga hannun."

"Ba ta nema ba."

"Amma ta karɓa."

Ayi ta fara wata magana daga baya, Kaku ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Kada a yi surutu a kan mai ja. Ba a katse ta."

Ta tako ciki. Ta zauna a ƙasa daura da ni, ta naɗe ƙafa, ta ajiye wani ƙaramin ƙunshin farin ƙyalle a cinyarta ta dafe shi da hannu biyu. Ta jira har na iso babbar ƙwaya, na juya carbin, na tura shinkafa ta bakwai. Ta gyaɗa kai kaɗan, kamar malamar da ta ga an yi daidai.

"Ki gama, saura huɗu," ta ce. "Rana ta kusa."

Sannan, ba tare da ta juya ba:

"Shantanu, tiren sukari da sarin baiko suna kan tebur. Mayar da su mota."

Na ja ƙwaya ta farko a zagaye na takwas. Ba ni da damar ɗaga kai, ba ni da damar kiran sunansa. Abin da nake iya gani kawai ƙafafunsa ne a bakin ƙofa.

Ƙwaya ta goma. Ta ashirin.

"Shantanu," ta sake cewa.

Ta talatin. Ƙafafun ba su shigo ba, ba su kuma juya ba.